Aikin Binciken Ɗalibai na Kammala Karatu: Abin da Ya Kamata Jama'ar Gwandu da Kalgo Su Sani

Gabatarwa

A kowace shekara, idan zangon karatu na ƙarshe ya kama a manyan makarantu, akan ga samari da 'yan mata suna shiga garuruwa da ƙauyukanmu riƙe da takardu, suna neman a amsa musu tambayoyi a kan noma, ko kiwo, ko ruwan sha, ko kuma tarihin gari. Wasu kan fara da ƙofar uban ƙasa, wasu su nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu kuma su tsaya a ɗakin shan magani ko makarantar firamare. Da yawa daga cikin jama'a ba su san abin da ke tafe da waɗannan yara ba. Wasu kan zaci masu rubuta sunaye ne domin rabon taki ko tallafi, wasu kuwa su ji tsoron ko wani sabon haraji ne ake shirin ɗora musu.

Waɗannan yara ɗalibai ne masu gudanar da aikin bincike na ƙashin kansu, wanda makaranta ba za ta yaye su ba sai sun kammala shi. Mun ga ya dace mu bayyana wa jama'ar karkara, da iyayen ƙasa, da hakimai, da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, yadda wannan aiki yake, domin kuwa rabinsa yana hannun ɗalibi ne, ɗaya rabin kuma yana hannun mutanen da ya je ya tambaya. Idan ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya kauce wa gaskiya, aikin ya lalace, kuma abin da za a rubuta a kan garinmu ya zama ƙarya mai bangon littafi.

Makarantun da ɗaliban ke fitowa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da manyan makarantu da ke kewaye da ƙasar Gwandu da Kalgo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo ta fara aiki, kuma mazauninta na dindindin yana Unguwar Jeji. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Har ila yau, 'ya'yanmu da dama suna karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa tun 1975, kuma sukan dawo gida domin tattara bayanan bincikensu.

Kowane rukuni na waɗannan makarantu yana da hukumar da ke sa masa ido. Hukumar NUC ce ke kula da jami'o'i, NBTE ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma ke kula da kwalejojin horar da malamai. A tsarin da aka saba, mai neman digiri na farko, da mai neman babbar difloma, da mai neman takardar malanta ta NCE, duk sukan rubuta kundin bincike a shekararsu ta ƙarshe.

Nauyin kundi a ma'aunin makaranta

Manyan makarantu suna auna kowane darasi da wani ma'auni da ɗalibai ke kira yunit. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zango guda, wato kimanin makonni 15. Yawancin darussa suna ɗauke da yunit 2 ko 3, amma kundin kammala karatu a sassa da yawa yakan ɗauki yunit 4 zuwa 6. Ke nan kundi ɗaya na iya daidai da darussa biyu ko uku a nauyi.

A jami'o'in da ke amfani da ma'auni mai hawa biyar, wanda ya sami maki 70 zuwa sama yana da daraja 5, mai 60 zuwa 69 yana da 4, mai 50 zuwa 59 kuma yana da 3. Akan ninka wannan daraja da yawan yunit. Saboda haka ɗalibin da ya sami daraja 5 a kundi mai yunit 6 ya tashi da 30, wanda ya sami daraja 3 kuwa ya tashi da 18. Wannan rata ta 12 tana iya ɗaga ɗalibin da ke kan gaɓa zuwa mataki na gaba a sakamakon digirinsa, tana kuma iya riƙe shi a ƙasa. Wanda bai miƙa kundinsa a kan lokaci ba, ko da ya ci dukkan sauran darussansa, ba za a yaye shi tare da abokan karatunsa ba. Sai ya ƙara zango ko shekara, iyayensa kuma su sake biyan kuɗin makaranta.

Bugu da ƙari, a shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa sai ɗalibi ya saka kundinsa a rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa, wanda ake kira NERD, kafin a tura shi aikin yi wa ƙasa hidima. Ma'anar wannan ita ce, kundin da a da yakan ƙare a kan kantar sashe ƙura ta rufe shi, yanzu yana da wurin ajiya da za a iya nemo shi a duba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu

Kada jama'a su ɗauka cewa bincike da rubuce-rubuce al'ada ce da boko ya zo da ita. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya bar littattafai masu yawa a fannin tafsiri, da fiƙihu, da nahawu, da sha'anin mulki. Daga cikinsu akwai Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Wannan shi ne ainihin abin da makarantu ke nema daga ɗalibi a yau, wato ya faɗi wurin da ya samo kowane bayani, kada ya ci da gumin wani ya yi shiru.

Akwai kuma darasi a labarin Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa. Ya sauka a Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, kuma a nan ne aka ba shi aron littafin Tarikhus Sudan, mai bayar da tarihin daular Songhai da birnin Tambutu. Ya kwafi abin da ya samu dama cikin 'yan kwanaki, kuma ta wannan hanya ce masanan Turai suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa. Sai dai Barth ya ɗauka Ahmad Baba ne marubucinsa, alhali kuwa Abdurrahman as-Sa'di ne ya wallafa shi. Sai daga baya aka gyara wannan kuskure. Abu biyu muke gani a nan: mutanen Gwandu sun buɗe wa mai neman sani taskarsu, duniya ta amfana, sannan kuma ko babban mai bincike yakan yi tuntuɓe idan lokaci ya ƙure masa bai tantance abin da ya ji ba.

A zamanin jami'o'i ma haka abin yake. Kundin da M. B. Alkali ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1969 a kan Kabi a ƙarni na 19, da wanda S. A. Balogun ya rubuta a Jami'ar Ibadan a kan masarautun Gwandu a wannan ƙarni, ayyukan ɗalibai ne masu neman manyan digirori, amma har yau masu nazarin tarihin yankinmu suna komawa gare su. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, shi ma daga kundin digirinsa na uku a Ibadan ya samo asali, kuma marubucin ya amfana ƙwarai da taskar littattafan Waziri Junaidu. Yaron da ya yi sallama a zaurenmu yau da takardar tambayoyi yana kan matakin farko ne na wannan tsani.

Matakan aikin daga farko zuwa ƙarshe

Mataki na farko shi ne zaɓen batu. Ɗalibi yakan gabatar da batutuwa biyu ko uku, sashensa ya amince da ɗaya, sannan a haɗa shi da malamin da zai duba aikin. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar batu mai faɗi. Noman shinkafa a Jihar Kebbi, mai ƙananan hukumomi 21, ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya a wata shida. Amma yadda manoman rani a mazaɓu biyu na Kalgo ke samun iri da taki, ko yawan albasar da ke ruɓewa a rumbu kafin a kai ta kasuwa a Kambaza ko Dalijan, wannan aiki ne da mutum ɗaya zai iya kai wa ƙarshensa. Batutuwa ba su yi ƙaranci a yankinmu ba. Shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, da ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a 2020, duk sun bar tambayoyin da ke buƙatar amsa gari-gari.

Mataki na biyu shi ne bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi zai karanta abin da wasu suka rubuta a kan batun, domin ya gano giɓin da suka bari. Baya ga ɗakin karatu na makarantarsa, mai binciken tarihi zai iya zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ko Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, dukkansu biyu a Kaduna.

Mataki na uku shi ne tsara dabarun bincike, wato wa za a tambaya, mutum nawa, kuma ta wace hanya. A nan ne ake samun rashin fahimta tsakanin ɗalibi da masu gari. Mu ɗauka, alal misali, ƙauye yana da magidanta 300, ɗalibi kuma yana son ganawa da 60. Idan mai unguwa, saboda karamci, ya tara masa manyan manoma 60 da ke zama a fadarsa, amsoshin da za a samu na masu hali ne kawai. Ba za a ji daga bakin mai gona ɗaya ba, ko mai noman aro, ko matar da mijinta ya rasu ta riƙe gida. Shi ya sa ɗalibi yakan nemi jerin gidaje ya riƙa ɗaukar gida ɗaya a cikin kowane biyar, ko ya yi ƙuri'a. Wanda aka tsallake gidansa kada ya ɗauka raini ne, ƙa'idar aikin ce ta kawo haka.

Mataki na huɗu shi ne fita tattara bayanai, ta hanyar takardar tambayoyi, ko hira, ko gwaji a gona da ɗakin gwaje-gwaje, ko duba rajistar asibiti da makaranta. Na biyar shi ne rubutawa. Yawancin kundaye babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, dabarun bincike, sakamako da sharhinsa, sai kammalawa da shawarwari. A ƙarshe akan jero manazarta da sunayen waɗanda aka yi hira da su bisa yardarsu. Mataki na ƙarshe shi ne kare kundi, inda ɗalibi zai tsaya a gaban malaman sashe, sau da yawa har da malami mai jarrabawa daga wata makaranta, ya amsa tambayoyi. Bayan ya yi gyaran da aka umurce shi, sai ya ɗinke kundin da bango mai ƙarfi ya miƙa.

Abin da ake buƙata daga shugabanni da ma'aikata

Muna jan hankalin iyayen ƙasa da hakimai da su nemi abu biyu daga duk wanda ya zo da sunan bincike: katin shaidar ɗalibi, da takardar gabatarwa daga sashensa mai ɗauke da sa hannu da hatimi. A halin da ake ciki na kula da tsaro, wannan ba wulaƙanci ba ne, kariya ce ga gari da shi kansa ɗalibin. Idan takardun sun cika, a haɗa shi da wani amintacce da zai zagaya da shi, a kuma sanar da jama'a a masallaci ko ta bakin sankira cewa ɗalibi ne, ba ya rabon komai, ba ya kuma karɓar komai.

Idan tambayoyin sun shafi mata, kamar awon ciki, ko abincin yara, ko sana'o'in cikin gida, ya kyautu a nemi izinin maigida, kuma ɗaliba ko wata mace mai ilimi ce ta shiga. Ta haka ne za a kiyaye mutuncin gida, kuma muryar mata ba za ta ɓace daga binciken ba.

Ma'aikatan sashen gona, da na lafiya, da na ilimi a ƙananan hukumomi, su ne ke riƙe da alƙaluman da ɗalibai suka fi nema. Jinkirin mako uku a kan takardar da za a iya sa wa hannu cikin yini ɗaya yana iya jawo wa ɗalibi asarar shekara, domin ranar miƙa kundi ba ta jiran kowa. Idan babu alƙaluman da aka nema, a faɗa masa babu, wannan ma sakamako ne da zai iya rubutawa. Ƙirƙiro lamba domin a sallame shi ya fi hana shi muni. Haka kuma, a kiyaye sirrin jama'a. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su. Ana iya ba ɗalibi yawan waɗanda suka zo asibiti da zazzaɓin cizon sauro a kowane wata, amma ba sunayensu ba. Binciken da ya shafi lafiyar mutane kai tsaye kuwa yana buƙatar amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike kafin a fara shi.

Abin da ake buƙata daga jama'a

Babban taimakon da manomi, ko makiyayi, ko ɗan kasuwa zai yi shi ne ya faɗi gaskiya. Wanda ya noma buhu 20 ya ce 8 saboda yana fatan tallafi, da wanda ya noma 8 ya ce 20 saboda kada a raina shi, duk sun ɓata lissafi. Idan aka tambayi yawan amfanin gona, a bayyana ma'aunin da ake nufi, buhu ne ko dami ko kwano, kuma shanshera ce ko gyararriyar shinkafa, domin bambancinsu babba ne. Wanda bai san girman gonarsa da eka ko hekta ba, ya faɗi yawan irin da take ci, ɗalibi zai yi lissafinsa.

Kowa yana da 'yancin ƙin amsawa, ko ya tsaya a tsakiyar hira, ko ya ce kada a ɗauki muryarsa ko hotonsa, ko kada a rubuta sunansa. Masu tsofaffin littattafai da takardun gado kuwa, shawararmu ita ce kada a bayar da su a tafi da su. A bar ɗalibi ya karanta ko ya ɗauki hotonsu da waya a gaban mai su, ya kuma rubuta sunan gidan da aka adana su a cikin kundinsa.

Iyaye su ma suna da nasu rabo. Aikin yana cin kuɗin mota, da buga takardu, da ɗinki, kuma yakan faɗo ne a lokacin da aljihu ya riga ya gaji. Yana da kyau a yi tanadinsa tun farkon shekarar ƙarshe, a kuma rage wa ɗalibi aikin gona ko na gida a makonnin rubutu.

Abin da ke kan ɗalibi

Ɗalibi ya sani cewa baƙo ne ko da a garinsu, matuƙar ya zo da takarda a hannu. Ya fara da gaida shugabanni, ya yi shigar mutunci, ya fassara tambayoyinsa zuwa Hausa ko Fulatanci tun kafin ya fito, ya kuma gwada su a kan mutum biyar ko shida domin ya ga ko ana gane su. Ya lura da lokaci: manomi ba ya da sukunin hira da safiyar damina, ko ranar kasuwa, ko lokacin girbi. Kada ya yi alkawarin abin da ba ya da iko a kai, kamar rijiya ko taki, domin a ba shi haɗin kai.

Akwai hanyoyi uku na ha'inci da muke gargaɗin ɗalibai a kansu. Na farko, sayen kundin da aka riga aka rubuta a shagon kwamfuta a canza sunan gari. Na biyu, zama a ƙarƙashin bishiya a cike takardun tambayoyi da hannu ɗaya. Na uku, kwafo rubutu daga intanet, ko sa manhajar kwamfuta ta rubuta babi, har da sunayen littattafan da babu su a duniya. Makarantu da dama suna amfani da manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin, kuma malamin da ya san yankin yakan gane da tambaya ɗaya ko ɗalibi ya taka ƙafarsa zuwa Diggi ko Dangoma. Hukuncin yana iya kaiwa ga soke aikin ko kora. Ko da ba a kama shi ba, ya bar wa na baya alƙaluman ƙarya da za su gina a kai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kammalawa

Abu na ƙarshe da muke so ya zama al'ada shi ne mayar da sakamako ga masu shi. Idan ɗalibi ya kare kundinsa, ya kai kofi ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma ko fadar uban ƙasa, tare da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya ko biyu da Hausa wanda za a iya karanta wa jama'a. Ƙananan hukumomi kuma su ware kanta guda a sashen ilimi ko na tsare-tsare domin adana irin waɗannan kundaye. Cikin 'yan shekaru za a tara bayanai a kan rijiyoyi, da makarantu, da gonaki, da kasuwanninmu, waɗanda kansila ko shugaban sashe zai iya dubawa kafin ya rubuta buƙatar mazaɓarsa, ɗalibin baɗi kuma ya ɗora daga inda na bana ya tsaya.

Saboda haka muna kira ga iyayen ƙasa, da hakimai, da masu unguwanni, da ma'aikata, da sauran jama'ar Gwandu da Kalgo, da su karɓi waɗannan ɗalibai hannu biyu bayan sun tantance takardunsu, su kuma ba su amsa ta gaskiya. Muna kuma kira ga ɗalibai da su riƙe amanar abin da aka faɗa musu, su ambaci waɗanda suka karɓa daga gare su kamar yadda magabatan wannan ƙasa suka yi. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'ar kammala karatunsu lafiya, amin.